DUNIYA MAKARANTA: Masu yawo da kwanon talabijin a Amurka

A wannan wata filin nan ya leƙa ƙasar Amurka. Can akwai wata al'ada ta masu son wasan ƙwallo. Ranar wasa suna sa talabijin da kwanonta cikin mota, su tafi bakin filin wasa, su kafa su a waje, su yi kallo. Kwanon nan shi ne wanda ake ce ma parabol. Mai karatu ya sha ganin irinsa bisa soraye a Maradi, ko Tawa, ko Damagaram.

Kwanon gida sau ɗaya ake kafa shi, a bar shi shekara da shekaru. Nasu kuwa kowane mako sai an kwance shi, an kai shi wani wuri, an sake saita shi. Cikinsu wani yana gamawa cikin minti 20. Wani kuma yana fama har a tashi wasa bai ga komai ba. Bambancinsu ɗaya ne. Na farko ya yi shiri tun gida. Na biyu ya manta da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace irin al'ada ce?

Wasan nasu ba ƙwallon ƙafa ne irin wanda aka sani ba. Ƙwallonsu dogo ne kamar ƙwai. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da shi, abokan karawa su tare mutum su kayar. Ana yin wasan daga watan Satumba zuwa Janairu. Ƴan jami'a suna yin nasu ranar Asabar, manyan ƙungiyoyi ranar Lahadi.

Mutane ba su jiran lokacin wasa. Tun da safe suke zuwa da motoci masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda ake ce ma bashe ko a-kori-kura. Sai su sauke ƙofar bayan mota ta zama tebur. Su kafa rumfa, su jera kujeru, su gasa nama, a ci a sha da dangi da abokai. A harshensu sunan ƙofar nan telget, kuma da shi aka sa ma zaman suna.

Ga misali. A jihar Fensilbaniya akwai wani gari, Sitet Kwalej. Nan jami'ar Penn State take. An kafa ta a shekarar 1855 don koyar da noma, kuma har yau tana da gonaki da shanun madara. Mutanen garin wajen dubu 40 ne. Amma filin wasanta, mai suna Beaver, yana cin fiye da mutum dubu 100. Wata Asabar cikin Nuwamba 2024 an ƙirga mutum 111,030 a cikinsa. Motoci suna cika filayen ciyawa da ke kewaye da shi, iyakar ganin ido. Masu motoci masu ɗaki a ciki suna zuwa tun jajibiri, su kwana nan. Haka ake yi wajen sau 7 kowace shekara.

To, mutum ya zo bakin fili, me zai yi da talabijin? Dalili biyu ne. Na farko, ranar Asabar ana wasanni da yawa a garuruwa daban-daban, tun tsakar rana har dare, kuma mutane na son ganinsu kafin a fara nasu. Na biyu, da yawa ba su da tikitin shiga. A waje za su zauna, su kalli wasan da ake yi bayan katanga. Wayar salula kuma ba abin dogaro ba ce a ranar. In mutum dubu 100 suka taru wuri ɗaya, layi yana cushewa, kamar rijiya ɗaya da garke goma. Kwano ba ruwansa da yawan jama'a, don daga sama yake ɗaukar hoto.

Daga ina hoton ke zuwa?

Daga tauraron ɗan'adam yake zuwa. Wannan ba irin taurarin da ake gani da dare ba ne. Inji ne da mutane suka ƙera, suka harba sama. Yana can nisan kilomita 35,786 bisa layin tsakiyar duniya. Wannan nisa ya kai kamar tafiya daga Yamai zuwa Damagaram sau 40.

Duniya tana juyawa sau ɗaya kowane kwana. Tauraron da ke wannan nisa shi ma yana zagaya duniya sau ɗaya kowane kwana. Shi ya sa wanda ke ƙasa yake ganin kamar tsaye yake wuri ɗaya. Mahaya biyu in dawakinsu na tafiya daidai, kowa yana ganin ɗan'uwansa kullum a gefensa. Wani ɗan Ingila, Arthur Clarke, ya rubuta wannan dabara a 1945. A 1964 wani tauraro mai suna Syncom 3 ya ɗauko hoton wasannin Olimfik daga Tokiyo ta Japan ya kai Amurka.

Gidan talabijin yana aika hoto sama, tauraro ya maido shi ƙasa. Kafin saƙon ya iso ya yi rauni ƙwarai. Aikin kwano shi ne ya tattara shi kamar mazurari, ya zuba ma wani ɗan abu da ke bakin hannun kwano. Shi ake ce ma kan kwano. Daga nan waya ta kai saƙo ga akwatin da ake ce ma dikoda, dikoda ta ba talabijin.

Dā kwanukan Amurka manya ne, faɗinsu ya kai mita 3. Ba mai iya yawo da su. A 1994 kamfanin DirecTV ya fito da ƙaramin kwano mai faɗin santimita 45. A 1996 kamfanin DISH ya biyo baya. Tun daga nan kwano ya shiga bayan mota.

Abin da za a riƙe shi ne wannan. Tauraro wuri ɗaya yake, kuma dole kwano ya dube shi ido da ido. Ganye, ko bango, ko mota in ya shiga tsakani, hoto ya tafi.

Kwano iri biyu ne

Akwai na hannu. Shi ne kwano irin na gida, amma bisa ƙarfe mai ƙafa uku yake zama. Ya fi arha, kuma ya fi ƙarfin kamu. Sai dai mutum da kansa zai nemi tauraro.

Akwai kuma mai nema da kansa. A 2011 kamfanin DISH ya fito da wani mai suna Tailgater. Akwatin roba ne mai mariƙi, nauyinsa wajen kilo 4 da rabi. A ciki akwai ɗan kwano da ɗan inji mai juya shi. Ana ajiye shi, a haɗa wayarsa mai tsawon mita 15 da dikoda. Talabijin ta tambayi jihar da mutum yake, ya zaɓa. Cikin ƴan mintoci ya sami tauraro. Kuma ana iya biyan kuɗin kallo na kwana 30 kaɗai, in lokacin wasa ya wuce a dakatar. Amma duk wayonsa, ba ya gani ta cikin itace. In yaro ya ture shi, sai ya sake nema daga farko.

Yadda ake kafa na hannu

1. A zaɓi wuri. Amurka tana arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka kwanonta kudu yake dubi. A Sitet Kwalej taurarin talabijin da aka fi nema suna kudu maso yamma. Tsawonsu a sama da digiri ake auna shi. Ga hanya mai sauƙi. Mutum ya miƙe hannu sosai, ya dunƙule. Faɗin dunƙule ɗaya wajen digiri 10 ne. A garin nan, daga inda sama ta haɗu da ƙasa, a ɗora dunƙule 3 ko 4, nan taurarin suke. In akwai itace ko babbar mota a gaba, a ja baya ninki biyu na tsawonta. Mai hankali yana tuna motar da ba ta zo ba tukuna. Wurin da yake fili da safe, da hantsi ƙatuwar mota na iya tsayawa nan.

2. A kafa ƙafa uku. Dole sandar tsakiya ta miƙe cak. Ana gwada ta da ma'aunin ruwa irin na magina. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. In sanda ta karkace ko kaɗan, duk lambobin da ke jikin kwano sun zama ƙarya. Bayan haka a danne ƙafafun da buhun yashi ko jarkar ruwa, don kwano yana kama iska kamar faifai.

3. A sa lambobi uku. Na farko yana faɗin inda za a juya, dama ko hagu. Na biyu yana faɗin yawan ɗagawa sama. Na uku yana faɗin yawan karkatawa. Lambobin nan suna canzawa daga gari zuwa gari. Ana samunsu a dikoda ko a intanet, in aka ba da lambar gidan waya ta garin. Tun gida ake rubuta su a takarda.

4. A nemi gefen da kamfas, wato allurar da ke nuna arewa. Amma a matsa nesa da mota, don ƙarfe yana ruɗa allura.

5. A haɗa waya kafin a kunna wuta. A murɗa bakinta da hannu har ya kama. Kada ƙofar mota ta matse ta. Kada a shimfiɗa ta inda jama'a ke wucewa.

6. A nemi alama. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana riƙe da kwano, ɗaya yana duban talabijin, inda wani layi ke nuna ƙarfin kamu. A motsa kwano kaɗan, kamar faɗin yatsa. A tsaya, a ƙirga biyar. A ƙara motsawa. Mai gaggawa yana wuce tauraro bai sani ba. Wasu taurari digiri 2 kaɗai ke tsakaninsu, saboda haka a duba suna, kada a kama na maƙwabci.

7. In layi ya cika, a ɗaure kusoshi a hankali, ido yana kan talabijin. Ɗauri da ƙarfi yana iya jan kwano ya kauce.

Kwano mai siffar ƙwai yana da wani hali. Yana gani sama da inda fuskarsa ta nuna. Don haka a bi lamba, kada a bi ido.

Ina za a sami wuta?

A fili babu lantarki. Hanya biyu ce, batir ko injin wuta.

Mai batir yana buƙatar wani akwati da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Masu gyaran lantarki suna ce masa inbata. Ga lissafi. Madaidaiciyar talabijin da dikoda tare suna shan wajen wat 100. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da 12 sau 100, wato 1,200. Amma batir mai ruwa ba a shanye shi duka, sai rabi, in ana so ya daɗe. Rabin 1,200 shi ne 600. A raba 600 da 100, ya ba da awa 6. Inbata ma yana shan nasa, saboda haka a ce awa 5. Wasa ɗaya yana wuce awa 3. Wanda ke son wasa biyu da hira sai ya tanadi batir biyu.

Kada a yi aiki da batirin da ke tada mota. Mutane da yawa sun yi kallo da daɗi, da dare ya yi mota ta ƙi tashi, kowa ya watse ya bar su.

Hayaƙin da ba a gani

Injin wuta, wanda ake ce ma gurup ko janareta, ya fi ba da wuta mai yawa. Amma nan haɗarin rai yake. Cikin hayaƙinsa akwai wata guba mai suna kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini, ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In barci yake, yana iya wucewa bai farka ba.

Hukumar kula da lafiyar kayan sayarwa ta Amurka ta ce kusan mutum 100 ke mutuwa kowace shekara a ƙasar saboda hayaƙin ƙaramin injin wuta. A watan Yuli 2021, a wani taron waƙa a jihar Mishigan, samari 3 suka mutu cikin ɗakin da ake ja da mota. Injin wuta ne aka kunna dab da ɗakin. A wurin zaman bayan mota haɗarin ya fi yawa, don motoci suna manne da juna. Hayaƙin wani yana iya shiga ɗakin maƙwabcinsa.

Ga dokokin da likitocinsu suka ba da. A ajiye inji a waje, nesa da ƙofa da taga da mita 6 ko fiye. A juya bakin hayaƙi inda ba kowa. Kada a kunna shi cikin rumfa mai labule, ko cikin mota, ko da ana ruwa. Kada a zuba masa mai yana da zafi, a kashe shi ya huce tukuna. Gawayin gashin nama ma yana fitar da wannan guba, saboda haka ba a shiga da shi ɗaki don jin ɗumi. Masu kwana cikin mota suna rataye wani ɗan ƙararrawa da ke kuka in guba ta taru. In mutum biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci ɗaya, a fita da su iska maza, a kashe inji, a kai su asibiti.

Ruwa, iska da jinkiri

In hadari mai kauri ya taso, hoto yana tsinkewa. Ruwan sama yana shanye saƙon kafin ya iso. Ba kwano ne ya lalace ba. Kada a taɓa shi, a jira, hoto zai dawo. Wanda ya kwance kusoshi a lokacin ya ɓata saiti mai kyau a banza. A Fensilbaniya ƙanƙara tana zuba a ƙarshen shekara, sai a share ta daga kwano da hannu a hankali. In ana tsawa da walƙiya, a kashe komai, a shiga mota.

Akwai kuma wani abin dariya. Hawa sama da saukowa yana ci ma saƙo kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. Injunan gidan talabijin ma suna riƙe shi ƴan daƙiƙu. Saboda haka na waje suna jin ihun mutanen cikin fili, sannan su ga abin da ya faru. Kunne ya riga ido.

Aikin da ake yi tun gida

Wanda ya ƙware yana yin abu biyar kafin ranar wasa.

Yana kafa komai a tsakar gidansa, ya kunna, ya ga hoto da idonsa. Dikodar da ta yi makonni a kashe wani lokaci sai kamfani ya sake buɗe ta, kuma gara a gane haka a gida.

Yana duba ko kuɗin kallonsa bai ƙare ba.

Yana binciken tashar da za ta nuna wasan. Tun 2023 akwai wasannin jami'o'i irin su Penn State da ba a samu sai ta intanet. Kwano komai kyansa ba ya kama abin da ba a aiko ma tauraro ba.

Yana karanta dokar wurin. Kowane filin wasa yana da tasa doka game da lokacin buɗewa, da injin wuta, da wutar gashi.

Yana rubuta kaya a takarda, yana yi ma kowanne alama in ya shiga mota. Kwano, ƙafa uku, dikoda, waya biyu, sifana, kamfas, batir, da ɗan abin canza tasha. Wannan ɗan ƙaramin abu shi aka fi mantawa, kuma in babu shi ba a iya saita dikoda.

Abin da ya shafi mai kwano a Nijar

Taurarin da ke ba Nijar hoto su ma bisa wannan layi suke, a wannan nisa. Saboda haka dokar ɗaya ce. Bambancin shi ne Nijar ta fi kusa da layin tsakiyar duniya. Maradi tana arewa da shi da digiri 13 da rabi, Sitet Kwalej kuwa da kusan 41. Shi ya sa taurarin da ke saitin Afirka ta Yamma suke can sama sosai ga mutumin Maradi, kuma itace bai cika tare su ba. Lambobin Amurka ba su aiki a nan. Wutar ma daban ce. Tasu bolt 120 ce, ta Nijar 220. Wanda aka aiko ma kaya daga can ya duba rubutun da ke bayansu kafin ya sa ma wuta.

Wanda zai fitar da talabijin dandali ranar kokowa ko ranar ƙwallo, ko mai gidan kallo da zai kai kayansa kasuwar ƙauye, ya yi yadda gwanayen can ke yi. Ya gwada tun jajibiri. Ya miƙe sanda. Ya danne ƙafafu saboda iskar hunturu. In ya sami saiti mai kyau, ya zana ma ƙarfen alama da ƙusa, don gobe ya huta. Ya lissafa awannin batirinsa. Injin wuta kuma ya kai shi nesa da rumfa, nesa da ɗakin da yara ke kwana. Wasa in ya wuce ana sake wani mako mai zuwa. Rai ba a sake shi.

Sai wata mai zuwa.